Baƙon ya tafi, amma ya bar maka halinsa

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 29, haifaffen cikin birnin Kano. Shekara biyar ke nan ina sana'ar zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido: Gidan Makama, kasuwar Kurmi, Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata. Wata huɗu da suka wuce wani kamfani ya haɗa ni da baƙi shida. Ɗaya daga cikinsu tun safe da ƙyasta yatsa yake kirana. A marina ya kafa wa wani dattijo kyamara a fuska ba ko sallama. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce a bari, ya ƙi bari, ni kuma na yi shiru don tsoron kada kamfanin ya daina ba ni aiki. Da muka shiga Kurmi sai ya ce, a gaban mutane, wai na haɗa baki da 'yan kasuwa ana cutarsa. Nan na kasa daurewa, na gaya masa magana mai zafi, na katse zagayen. Ya kai ƙarata, kamfanin ya riƙe rabin kuɗina. Tun daga ranar na canza. Tarihi ina karanto shi kamar hadda, Dala na daina hawa da kowa, kuma ina kai baƙi rumfar da za a ba ni la'ada mai tsoka ba tare da sun sani ba. Ramin dattijon nan kuwa kauce masa nake yi. Baba, in bar sana'ar ne?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma a duka biyun wuri ɗaya na tsaya, inda ka ce "tun daga ranar na canza". Ƙyasta yatsa ya ɓata mini rai, sharrin da aka yi maka a Kurmi ya fi ɓata mini rai, amma wannan kalmar ita ce ta hana ni sukuni. Mutumin nan ya hau jirgi ya koma inda ya fito, wataƙila ko sunanka bai riƙe ba. Kai kuwa wata huɗu kana tashi da shi kana kwana da shi, har ya fara zaɓa maka inda za ka kai baƙi da inda ba za ka kai su ba. Don haka kada ka yi gaggawar ajiye sana'a. Mu fara duba abin da ya faru tukuna.

An ci fuskarka, ba zan rage maka wannan ba. Ba a kiran ɗan mutum da yatsa kamar ana kiran kaza. Kuma a kira ka macuci a tsakiyar Kurmi, inda wataƙila abokan mahaifinka ke zaune a bakin rumfunansu suna ji, abu ne da ko dattijo sai ya yi da gaske zai haɗiye shi. Sana'arku tana da wata wahala da mutane ba sa gani. Mai ɗaukar kaya gajiyarsa a kafaɗa take, kowa ya gani ya tausaya. Taku a fuska take. Baƙo ya biya kuɗin ilminka, ya kuma biya kuɗin fara'arka, dole ka yi ta murmushi daga safe zuwa la'asar ko da zuciyarka tana tafasa. Wanda ya yi shekara biyar yana wannan, in ba ya samun inda zai sauke abin da ya tara, wata rana sai ya zube inda bai yi niyya ba. Ba rashin tarbiyya ba ne ya same ka. Cika ka yi, ka batse.

Amma tunda gaskiya ka nema, ga yadda na ga ranar. Ba a Kurmi abin ya lalace ba, a marina ya lalace. Inda ya kamata ka yi magana ka yi shiru, inda shiru zai fi maka amfani ka yi magana. Kuma shirun farko shi ya haifi faɗan ƙarshe. Tun lokacin da dattijon nan ya ɗaga hannu ka kawar da kai, ka fara jin haushin kanka, da wannan haushin ka shiga kasuwa. Shi baƙon ashana kawai ya ƙyasta.

Mai zagayawa da baƙi amana biyu ke hannunsa. Akwai amanar baƙo, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya girmama shi. Akwai kuma amanar masu gida, mutanen da suka bari ka shigo musu da wanda ba su sani ba saboda sun san ka, sun san gidanku. Yawancin masu sana'arku ta farkon kaɗai suke tunawa, don ita ce mai kuɗi a hannu. Ta biyun kuwa ita ce jarinka. Ran da marina da mabuga da dukawan Kurmi suka daina sakar maka fuska, me za ka nuna wa baƙo? Bango?

Ka tuna yadda dattijon nan yake zama. Yana bakin rami a kan ɗan dutse ko guntun buhu, ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago, ya buɗe shi iska ta buge shi, launin ya tashi daga kore-kore ya koma shuɗi, ya sake tsomawa. Haka zai yi ta yi, wani lokaci sa'o'i, sai shuɗin ya kai inda yake so. Shuni ya zauna masa a gefen farce, ba ya fita. Wurin nan tun 1498 ake ƙirga shekarunsa, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma abin da ya raya shi har yau mutane irin wannan dattijon ne da suka ƙi tashi daga bakin ramin ubanninsu duk da yadin kanti ya cinye kasuwa. Mutum ne a bakin aikinsa. Ba kayan tarihi ba ne da aka jera a Gidan Makama. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare.

Abin da ya kamata ka yi bai wuce taku biyu ba. Ka shiga tsakanin kyamarar da dattijon, ka ba baƙon fuska, ka sassauta murya ka ce masa: "Ya ce ba ya so. Zo in kai ka wurin wanda zai yarda." Sannan ka juya ka ɗan rusuna ka ce: "Baba, a yi haƙuri, baƙo ne." Ba tsawa, ba wa'azi. Jikinka ya tare, bakinka ya buɗe masa wata hanya. Wanda ya iya wannan shi ne gwani a sana'arku, ba wanda ya fi kowa haddace sunayen sarakuna ba. Allah Ya hana mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, yana nan a Suratun Nur, aya ta 27. Ni a ganina fuskar mutum ba ta gaza ƙofar gidansa alfarma ba.

Sai dai kada ka haɗa baƙi duka ka yi musu kuɗin goro. Mafi yawan abin da muke ɗauka rashin kunya ne daga baƙo, rashin sani ne. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Zai miƙa wa dattijo kuɗi da hagu, zai taho da gajeren wando, zai ga an rubuta "Ba Shiga" a ƙofar gida ya ɗauka ado ne, zai ga mata sun fito unguwa ko almajirai da robobinsu ya ɗaga waya. Irin wannan da ka gaya masa sau ɗaya zai ji kunya ya gode maka. Akwai kuma wanda rana ta dafa shi. Ka ɗauko mutum daga ƙasar sanyi ka saka shi lungunan Kurmi a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ga babura, ga masu talla na jan rigarsa, ga shi an taɓa cutarsa a wani garin yana tafe da tsoro. Wannan inuwa yake bukata da ruwan sanyi da minti goma na zama, sai ka ga ya dawo mutum. Wanda ya zo da raini a cikinsa, irin naka na ranar nan, shi ne mafi ƙaranci, sai dai wake ɗaya ne mai ɓata gari. Kuma ka san ba Turawa kaɗai ba ne. Akwai namu na gida, manya masu zuwa da 'yan rakiya, da samarin da ke neman abin sakawa a TikTok, waɗanda wani lokaci cin fuskarsu ya fi zafi don da harshenka suke yi maka.

Maganin rabin wannan yana cikin minti biyar na farko, kafin mota ta tashi. Tun ran gini, tun ran zane. Ka tsayar da su a ƙofar masauki, da fara'arka, ka ce musu: sunana wane, da shi za ku kira ni. A garin nan ana gaisawa kafin a yi tambaya. Ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda, ni zan nema muku izini, wanda ya ƙi an bar shi. Mata da yara kuwa sai na ce muku to. Ana ba da abu da hannun dama. In lokacin salla ya yi za mu tsaya. A kasuwa ana ciniki, ga yadda ake yi, ga kuma abin da ni nake samu in kun saya. Mutumin kirki zai ji daɗi don ka cire masa fargabar yin kuskure. Mai raini kuma ya ji tun da wuri cewa wanda ke gabansa ya san darajar kansa, kuma in ya taka doka daga baya ba sabuwar magana za ka kawo masa ba, tuni za ka yi masa.

Kada ka ɗauka ƙauyanci ne ko tsaurin kai. Hukumar yawon buɗe ido ta duniya ta zartar da kundin ɗa'a a 1999 a birnin Santiyago na ƙasar Chile, kuma tun a sashensa na farko ya ɗora wa mai yawon buɗe ido nauyin girmama al'adu da dokokin mutanen da ya je wa. A birnin Kyoto na Japan, mazauna tsohuwar unguwar Gion sun gaji da masu bin mata 'yan gargajiya da kyamara, suka sa tarar yen 10,000 ga mai ɗaukar hoto a lungunansu na kansu tun 2019, a 2024 kuma suka fara hana baƙi shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Mutanen da tattalin arzikinsu ke cin moriyar baƙi ke nan, amma ba su ji kunyar cewa ga iyaka ba. Mu da muke da marinar da ta haura shekara 500, me zai sa mu ji?

Yanzu maganar la'ada, kuma a nan zan ɗan matsa maka, ɗana, don ina jin ita ce ta sa ka rubuto. Ranar da mutumin nan ya ce kana haɗa baki da 'yan kasuwa, ƙarya ya yi maka. Yau in wani ya faɗi haka, me za ka ce? Ka ga irin ɓarnar da baƙo marar ɗa'a ke yi wa mai sana'a. Ba zagin ne ke kashe shi ba. A hankali yake sa shi ya ce a ransa, tunda haka suka ɗauke mu, bari mu zama hakan. La'ada ba baƙuwa ba ce a kasuwancin Hausa. Dillalai da fatomai da ita suka rayu tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a Kano, kuma ba wanda ya kira su ɓarayi, domin mai saye da mai sayarwa duk sun san da ita. Abin da ke mayar da ita cuta shi ne ɓoyewa, da kai mutum wurin kaya marasa kyau don naka kason ya yi kauri. Ka faɗa a fili. Ka kai su rumfa biyu ko uku su gwada farashi da kansu. In ka ga ana neman a ninka wa baƙonka kuɗin jakar fata sau uku, ka yi magana. Za ka rasa wani abu yau, amma bakinka zai dawo naka, duk wanda ya sake yi maka irin wancan sharrin za ka iya kallonsa ido cikin ido.

Da a ce ranar ka riƙe kanka, amsar zarginsa gajeriya ce: "In kana shakkata, ga rumfuna nan, ka yi cinikinka, ina jiranka a bakin layi." Ka ja gefe ka tsaya. Mutanen da ke wurin su za su yi maka shaida, domin mai zagi a kasuwa kansa yake tonawa. Annabi ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ban kawo maka wannan don in ce ka zama tabarmar kowa ba. Riƙe fushi daban, yarda da wulaƙanci daban. Kana iya cewa "ban yarda ka yi mini magana haka ba" da murya mai sanyi, kuma ta fi ashar shiga jiki.

Hana baƙi hawa Dala da karanto musu tarihi kamar hadda kuwa, haushin kaza ne ake hucewa a kan dami. Waɗanda ka zagaya da su cikin wata huɗun nan me suka yi maka? Wata baƙuwa ta tara kuɗinta shekara da shekaru don ta ga Kano, ta zo ta samu mutum mai ɗaurarriyar fuska yana duban agogo. Ta koma ba ta tsaya a kan Dala da sassafe ta hango Goron Dutse da koren ƙubbar babban masallaci ba, ba ta ji labarin Barbushe da Tsumburbura a wurin da aka ce abin ya faru ba, ba wanda ya nuna mata ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce. Abin da za ta faɗa wa mutanenta game da garinku, daga bakinka da fuskarka ta ɗauke shi. Haka abin yake tun da. Turawan nan matafiya, Clapperton ya shigo Kano a 1824, Barth a 1851, kuma da yawa daga abin da duniya ta fara sani game da kasuwar nan da rininta da fatunta, mutanen gari ne suka nuna musu suka kuma ba su labari. Kujerar waɗannan mutanen kake kai. Ga shi a Disambar 2024 UNESCO, hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Masu son ganin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa za su zo da tambayoyi, kuma garin yana bukatar 'ya'yansa da suka san amsa, suka kuma san inda ake tsayar da baƙo.

Katse zagaye ba laifi ba ne a kowane hali. In baƙo ya kai hannu jikin wani, ko ya ci mutuncin addini, ko ya nace kan abin da zai jawo muku taron jama'a, tsayar da tafiyar shi ne daidai, har don lafiyarsa. Amma akwai yadda ake yi. Ka ja shi gefe ka gargaɗe shi sau ɗaya, ba a gaban abokan tafiyarsa ba. In ya maimaita, ka kira kamfani a waya a lokacin, ba bayan an watse ba, ka bi da saƙon rubutu mai ɗauke da lokaci da wuri da abin da aka yi. Ka mayar da kowa masauki lafiya. Kuma ka tuna da sauran biyar ɗin. A wasiƙarka ba ka ce sun yi maka komai ba, amma su ma an yanke musu yini. Da ka ba su haƙuri ka tambaye su ko a ci gaba ba tare da shi ba, da wataƙila su ne shaidunka a gaban kamfani.

Kuɗinka da aka riƙe, ka rubuta musu takarda cikin ladabi. Ka amsa naka kuskuren na ɗaga murya, ka zayyana abin da ya faru a marina da Kurmi, ka nemi a sake duba hukuncin. Ko sun biya ko ba su biya ba, kafin ka sake karɓar aikinsu ka nemi a rubuta sharuɗɗa: nawa ne kuɗinka, yaushe ake biya, kuma me za a yi in baƙo ya ci zarafinka ko na mutanen gari. Kamfanin da ya ƙi rubuta wannan ya gaya maka matsayinka a wurinsa. Kada kuma abincinka ya rataya a ƙofa ɗaya, don tsoron ƙofa ɗayan nan ne ya rufe maka baki a marina. Makarantu na kai ɗalibai wuraren tarihi, masu bincike na zuwa daga jami'o'i, 'yan Kudu da ke aiki a Kano da yawa ba su taɓa shiga cikin birni ba. Ka nemi abokan sana'arka ku riƙa zama ko sau ɗaya a wata, ku faɗa wa juna abin da kuka haɗiye, ku daidaita farashi da ƙa'idar hoto, don kada wanda ka hana ya samu wani ya bar shi.

Game da barin sana'a, ga abin da nake so ka yi. Ka huta mako guda in da hali. Sannan ka yi zagaye goma irin na da, da bayanin minti biyar ɗin nan, da hawan Dala, da la'ada a fili. In ka gama goman ka ji har yanzu ganin baƙo na ƙona maka rai, ka bari da mutuncinka, ba abin kunya ba ne. Amma kada ka yanke hukunci yanzu, domin wanda zai yanke shi ba kai ba ne, mutumin nan ne mai ƙyasta yatsa.

Kafin zagayen farko, ka je marina kai kaɗai. Ka tafi da safe kafin rana ta yi zafi, da goro a hannunka, ba baƙo, ba waya. Ka durƙusa a gefen ramin dattijon nan ka gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, sannan ka ce masa: "Baba, ranar nan ni na kawo mutumin da ya ɓata maka rai, ina tsaye ban hana shi ba. Ka yafe mini." Ka saurari duk abin da zai faɗa, kada ka kare kanka. In ya huce, ka tambaye shi yadda yake so a riƙa kawo masa baƙi: a wane lokaci, su tsaya daga ina, hoton hannu da ƙyalle kaɗai ya yarda da shi ko har da fuska, kuma me ya dace a ba shi in an ɗauka. Abin da ya gaya maka, shi za ka faɗa wa baƙinka na gaba a ƙofar masauki. In ka je, ka rubuto mini yadda kuka yi.